Daga Lingua zuwa Glossa: Ɗakunan Karatu na Jami'o'i da Tambayar Wanda Zai Biya Kuɗin Buɗaɗɗiyar Wallafa

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi saɓanin da ya auku a shekarar 2015 tsakanin editocin mujallar kimiyyar harshe mai suna Lingua da kamfanin Elsevier, saɓanin da ya haifar da mujallar Glossa, domin nazarin matsayin ɗakunan karatu na jami'o'i a tsarin buɗaɗɗiyar wallafa. Hujjar maƙalar ita ce, ɗauke kuɗi daga kan mai karatu ba ya kawar da tsadar wallafa, mazauni kawai yake sauya mata, kuma wurin da aka aza nauyin shi yake tantance wanda za a ji muryarsa a fagen ilimi. Daga nan an auna wannan darasi da halin da mujallun nazarin Hausa suke ciki.

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2015, editoci shida na mujallar Lingua tare da mambobi 31 na kwamitin tacewarta suka sanar da ajiye aiki gaba ɗaya. Lingua tana daga cikin tsofaffin mujallun kimiyyar harshe da ake ji da su a duniya, an kuwa kafa ta a ƙasar Holan tun ƙarshen shekarun 1940. Babban editanta a lokacin, Johan Rooryck na Jami'ar Leiden, ya riƙe ta tun 1999. A farkon 2016 waɗannan mutane suka buɗe wata sabuwar mujalla, Glossa, wadda kowa zai karanta kyauta a intanet.

Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar wallafa a wannan maƙala shi ne sanya sakamakon bincike na ilimi a intanet ta yadda kowane mai karatu zai same shi ba tare da biyan kuɗi ba, kuma da izinin saukewa da kwafa da rarrabawa muddin an ambaci mawallafi. An zaɓi labarin Lingua ne saboda a gidan masana harshe ya faru, kuma saboda ya fito da rawar ɗakin karatu fili, rawar da galibi ba a ganin ta.

2.0 Yadda Ɗakin Karatu ya Koma Ɗan Haya

Mujallar ilimi ta fara ne a 1665, lokacin da Journal des sçavans ta fito a Faris, Philosophical Transactions kuma a Landan. Tsawon ƙarnoni, ƙungiyoyin masana da jami'o'i ne suka fi riƙe wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnatoci suka zuba kuɗi a bincike, 'yan kasuwa suka gane akwai riba a ciki. Robert Maxwell ya gina kamfanin Pergamon tun daga 1951 a kan ƙirƙiro sababbin mujallu, a 1991 kuma Elsevier ya saye shi a kan fam miliyan 440.

Ribar tana da tushe biyu. Na farko, masani ne yake gudanar da bincike da kuɗin jami'a ko na gwamnati, shi yake rubuta maƙala, ɗan'uwansa masani yake tantance ta, kuma duk ba a biyan su ladan wannan aiki. Daga nan mawallafi ya sa hannu ya miƙa haƙƙin mallaka ga kamfani, jami'arsa kuma ta dawo ta sayi abin da malaminta ya rubuta. Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na biyu, maƙalar ilimi ba ta da madadi. Wanda farashin shinkafa ya gagare shi yana iya komawa masara, amma mai binciken da yake buƙatar wata maƙala da ta fito a Lingua ba zai wadatu da wata daga mujalla mai araha ba. Don haka farashi yake hawa, mai saye kuwa ba ya iya juya baya. Sashen wallafar kimiyya na kamfanin da ya mallaki Elsevier ya daɗe yana bayyana ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari.

Shigowar intanet ta ƙara wani abu. Daga ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanoni suka fara sayar da mujallunsu a dunƙule, ɗaruruwa ko dubbai a yarjejeniya guda ta shekaru. A da, laburare yana sayen kwafin takarda ya jera a kanta, ko da ya daina saye abin da ya tara yana nan. A sabon tsari izinin shiga yake biya, wato ya tashi daga mai gida ya koma ɗan haya. Kuma da yake yarjejeniyar a dunƙule take, soke mujalla ɗaya ba ya rage komai a kuɗin. A watan Afrilu na 2012, kwamitin malamai mai ba laburaren Jami'ar Harvard shawara ya fitar da sanarwa cewa abin da ake biyan wasu manyan kamfanoni ya doshi dala miliyan 3.75 a shekara, kuma hakan ba zai ɗore ba. A shekarar ne masanin lissafi Timothy Gowers ya ja gaban wani ƙaurace wa Elsevier da dubban masana suka sa wa hannu.

Akwai wata illa da ta fi shafar fannonin harshe da adabi da tarihi. Idan mujallun kimiyya da likitanci suka cinye kasafin laburare, abin da ake fara yankewa shi ne sayen littattafai. Raguwar masu saye ta sa mawallafa buga kwafi kaɗan da tsada mai yawa, tsadar kuma ta ƙara rage masu saye. Wannan na daga dalilan da suka sa manyan ayyukan nahawun Hausa da aka buga a Turai da Amurka suka fi yawo a hannun ɗalibai a matsayin hoton kwafi fiye da littafi na asali.

3.0 Hanyoyin da Aka Shata a Budapest

Tun kafin a raɗa wa abin suna, masana sun fara rarraba ayyukansu da kansu. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv domin masana fiziya, wanda ya koma Jami'ar Cornell a 2001. Masana tsarin sauti sun san rumbun Jami'ar Rutgers na ayyukan ra'in fifiko, masana ginin jumla kuma sun san LingBuzz. Sanarwar Budapest ta watan Fabrairun 2002 ce ta tattara wannan yunƙuri ta shata masa hanyoyi biyu: ko dai mawallafi ya ajiye kwafin aikinsa a rumbun jami'a ko na fanninsa, ko kuma a kafa mujallun da tun asali a buɗe suke. Ta farko ake kira koriyar hanya, ta biyu hanyar zinare.

Sanarwar ba ta ƙayyade wanda zai biya ba, kuma ta wannan kafa kamfanoni suka shigo. Suka amince a buɗe maƙala, da sharaɗin mawallafi ya biya kuɗin wallafa. Wasu mujallu suka zama ruwa biyu: laburare yana biyan kuɗin shekara, mawallafin da yake son a buɗe tasa maƙalar shi ma ya biya nasa daban. A ƙarshen 2020 mujallar Nature ta sanar da cewa buɗe maƙala guda zai ci Yuro 9,500. Manyan masu saye sun gwada ƙarfinsu: Jami'ar Kalifoniya ta yanke hulɗa da Elsevier a 2019 har sai da aka daidaita a 2021, jami'o'in Jamus kuma suka zauna shekaru ba tare da yarjejeniya da kamfanin ba kafin a sasanta a 2023. Abin da suka samu shi ne a haɗa kuɗin karatu da na wallafa a yarjejeniya ɗaya, malamansu su wallafa a buɗe ba tare da sun taɓa aljihunsu ba.

Wannan nasara ce ga wanda yake cikin yarjejeniyar. Wanda yake wajenta kuwa, an gudu ne ba a tsira ba: a da an hana shi karatu, yanzu yana karantawa amma ba ya iya wallafawa. Kamfanoni suna da tsarin yafe kuɗi ga masana na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai dai yafiyar tana bin rabe-raben ƙasashe ne, sau da yawa kuma sai an roƙa, kuma mai bayarwa yana iya janye ta.

4.0 Abin da Editocin Lingua Suka Nema

Kafin su ajiye aiki, editocin sun gabatar wa Elsevier buƙatu. Sun nemi mujallar ta zama buɗaɗɗiya ɗungurungum, a sauko da kuɗin wallafa daga dala 1,800 zuwa kimanin Yuro 400, mawallafa su ci gaba da riƙe haƙƙin mallakar ayyukansu, sannan sunan mujallar ya koma hannun masana. Kamfanin ya ƙi, ya ce farashin ba zai riƙe mujallar ba, kuma mujallar tasa ce. Har an yi ja-in-ja a kan tarihi, domin kamfanin ya ce shi ya kafa ta, editocin kuma suka nuna cewa masana ne suka kafa ta, kamfanin North-Holland ya riƙa buga ta, daga baya Elsevier ya haɗiye shi.

Buƙata ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, ko da yake batun farashi ne ya fi jan hankalin jaridu. Darajar mujalla tana cikin mutanen da suke tace ta, amma a idon kwamitin ƙarin girma darajar a suna take. Da editocin suka tafi, sun tafi da ƙwarewa da amincewar abokan aiki, mawallafa da dama kuma suka janye maƙalunsu suka bi su. Sai dai suna da tsofaffin fitowa na shekaru sittin da 'yan kai da ma'aunin tasiri duk sun zauna a hannun kamfani, wanda ya naɗa sababbin editoci ya ci gaba da bugawa. Glossa ta fara daga sifili. Babban farfesa ba ya asarar komai idan ya aika mata aikinsa, amma ƙaramin malami mai jiran tabbatar da aiki ya yi kasada ta gaske a shekarun farko.

Ta ina aka sami kuɗi? An kafa wata gidauniya mai suna LingOA da tallafin ƙungiyar jami'o'in Holan da hukumar bincike ta ƙasar, domin ɗaukar kuɗin wallafa na shekaru biyar. Mujallu irin su Laboratory Phonology da Journal of Portuguese Linguistics sun bi ta wannan hanya. Bayan wa'adin, nauyin ya koma kan Open Library of Humanities, wadda Martin Paul Eve da Caroline Edwards suka ƙaddamar a 2015 a kwalejin Birkbeck ta Jami'ar Landan. Tsarinta kamar na gayya yake: ɗakunan karatu fiye da ɗari biyu a ƙasashe daban-daban kowanne yana ba da gudummawa daidai ƙarfinsa a shekara, a haɗa a biya aikin tsara shafi da ajiya da kula da manhaja. Mai karatu ba ya biya, mawallafi ma ba a tilasta masa. Wannan ake kira hanyar lu'ulu'u. A ɓangaren littattafai, Language Science Press da Stefan Müller da Martin Haspelmath suka kafa a Barlin tana tafiya a kan irin wannan karo-karo tun 2018, kuma tana da jerin littattafai a kan harsunan Afirka da kowa zai sauke kyauta.

A nan ɗakin karatu ya sauya matsayi. Maimakon ya sayi abin da aka gama bugawa domin masu katinsa kaɗai, ya zama mai ɗaukar nauyin bugawa domin kowa. Amma tsarin yana da rauni da bai kamata a ɓoye ba. Tun da Lingua ba ta mutu ba, kuma tana cikin dunƙulallen ciniki, ɗakunan karatun da suke tallafa wa Glossa ba su sami rarar ko sisi ba, biyu suke biya. Haka kuma gudummawar ta ganin dama ce, wanda bai bayar ba yana karantawa daidai da wanda ya bayar, don haka ita ce abu mafi sauƙin yankewa ranar da kasafi ya matse.

Ba a Turai aka fara wannan tunani ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 Birazil ta kafa SciELO da kuɗin hukuma, inda mujallun jami'o'i suke fita kyauta, da yawa cikin harsunan Fotugis da Sifaniyanci. A Afirka akwai African Journals Online, da aka fara a 1998, ta koma Afirka ta Kudu a 2005, tana kuma ɗauke da ɗaruruwan mujallu, kaso mai yawa daga Nijeriya.

5.0 Ina Nazarin Hausa ya Tsaya?

Dala 1,800 da editocin Lingua suka ce ta yi yawa, idan aka juya ta a kan canjin naira 1,500 da aka gani a 2024, ta kai naira miliyan 2.7, wato albashin watanni da dama na malamin jami'a. Ke nan ga mai nazarin Hausa a Kano ko Sakkwato ko Yamai, bambancin hanyar zinare da ta lu'ulu'u shi ne bambancin a ji shi da kada a ji shi. Shirye-shiryen rangwame irin su HINARI na 2002 da AGORA na 2003 an gina su ne domin lafiya da aikin gona, amfaninsu ga mai nazarin waƙa ko karin harshe kaɗan ne.

Amma babbar matsalar fannin a cikin gida take, kuma siffarta daban ce. Mafi yawan abin da ake rubutawa da Hausa a kan Hausa yana fita ne a mujallun sassa da cibiyoyi, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, da Harshe a Jami'ar Ahmadu Bello, da Ɗunɗaye a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai littattafan karramawa da kundayen taruka da kundayen digiri. Babu wani kamfanin ƙasar waje da ya kulle waɗannan. Abin da yake tsare mai karatu shi ne ƙarancin kwafi. Akan buga kaɗan, a raba wa mawallafa domin fayil ɗin ƙarin girma, sauran su watse. Ɗalibin da yake bitar ayyukan da suka gabata sai ya yi tafiya daga jami'a zuwa jami'a, ko ya dogara da akwatin littattafan malaminsa. Sakamakon haka ake maimaita batu guda a kundaye da yawa ba tare da wani ya san da wani ba, kuma masani na waje yakan rubuta a kan Hausa ba tare da ya ga abin da Hausawa suka rubuta ba.

Abin lura shi ne, tsarin mawallafi ya biya tsohon abu ne a nan. An saba biyan kuɗin tantancewa da kuɗin bugawa. Wato fannin ya ɗauki nauyin hanyar zinare ba tare da ya ci moriyarta ba, domin bayan an biya aikin bai isa ga kowa ba. Kuɗin da ake kashewa a takarda da tawada zai iya riƙe mujalla a intanet, musamman da yake manhajar Open Journal Systems kyauta ce. Misalai kuma suna nan kusa: Studies in African Linguistics, da aka fara a 1970, yanzu a buɗe take, Paul Newman kuma ya ajiye cikakken jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa da harsunan Cadi a rumbun Jami'ar Indiyana, ya kuma riƙa sabunta shi, kowa na saukewa.

Sai dai ɗora fayil a intanet bai isa ba, kuma a nan ne aikin jami'in laburare ya zama wajibi. Wani bincike da Mikael Laakso da abokan aikinsa suka gudanar ya gano buɗaɗɗun mujallu sama da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, kuma na fannonin zamantakewa da adabi sun fi yawa a ciki. Mujallar da take zaune a shafin da wani malami ya yi rajista da sunansa tana iya ɓacewa ranar da ya yi ritaya ko ya manta sabunta biya. Tambayar da editocin Lingua suka yi karo da ita tana nan da ƙaramar siffa: sunan shafi da kalmar sirri da tsofaffin fayiloli, a hannun wa suke? Idan an ba wani ɗan kwangila riƙon shafi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, sashe yana iya wayar gari ya tarar ba shi da iko da mujallarsa. Laburare ba ya ritaya, kuma yana da hanyoyin ajiya na haɗin gwiwa irin su LOCKSS da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, inda ake ajiye kwafi a wurare da yawa.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da Hausa. Maƙalu da yawa an buga su ne da tsofaffin samfuran haruffa da suke aron maɓallan baka-biyu da wasu alamomi domin nuna ƙ da ɗ da ɓ. A takarda komai daidai yake fita, amma a cikin fayil kalmar ƙasa tana zaune ne a matsayin }asa, ɗaya kuma ]aya. Mai neman kalmar a intanet ba zai same ta ba. Maƙalar a buɗe take, amma a ɓace. Gyaran ba shi da tsada: sharaɗi a ƙa'idojin mujalla cewa a yi amfani da haruffan Unicode, tare da cikakken bayanin take da mawallafi da tsakure da muhimman kalmomi, da lambar ISSN wadda Laburaren Ƙasa yake bayarwa a Nijeriya, da lambar DOI idan hali ya yi.

Batun ƙarin girma shi ma yana da hannu. Matsin lamba a wallafa a mujallun "ƙasa da ƙasa" ya tura malamai da dama hannun mawallafan bogi, masu karɓar kuɗi su buga cikin kwanaki ba tare da tantancewa ba. Jerin da Jeffrey Beall, jami'in laburare a Jami'ar Kolorado, ya riƙa fitarwa har zuwa Janairun 2017 ya tona asirin da yawa, amma an soke shi da yi wa mujallun ƙasashe masu tasowa kuɗin goro. Kundin DOAJ, da aka fara a Jami'ar Lund a 2003, ya fi dacewa da bukatar fannin, domin yana karɓar mujalla ko da wane harshe take fita, abin da yake dubawa shi ne tsarin tantancewa da bayyana ƙa'idoji. Kwamitin da ya san da wannan ba zai rage wa maƙala maki don kawai da Hausa aka rubuta ta ko don a intanet ta fito ba.

Tsofaffin fitowa su ne suka fi wahala. Mafi yawan mujallun sassa ba su taɓa sa mawallafa rattaba hannu a wata yarjejeniya ba, don haka haƙƙin mallaka yana nan a hannun marubutan ko magadansu, a dokar Nijeriya kuwa haƙƙin rubutaccen aiki yana ɗorewa har shekaru 70 bayan rasuwar marubuci. Newman, wanda ya haɗa kimiyyar harshe da digirin lauya, ya yi wa masana harshe bayanin irin waɗannan ƙa'idoji a wata maƙala ta 2007 a mujallar Language Documentation and Conservation. Sashen da yake son ɗora fitowar shekarun 1970 da 1980 a rumbu zai buƙaci neman izini daga mawallafa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa daga cikin malaman da suka cika waɗancan shafuka sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma sun manyanta. Takardar izini mai shafi ɗaya da za a kai wa wanda yake raye a yau ta fi sauƙin samu a kan yardar magada goma da za a nema nan da 'yan shekaru.